Wanda bai haɗa kuɗin shekara a fam ba, kada ya tafi karatu Landan

Duk shekara, daga Yuni zuwa Satumba, gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Abuja sukan shiga hada-hadar tura ɗa ko 'ya karatun digiri na biyu a Landan. A sayar da fili, a karɓi rance wurin 'yan uwa, a tara abin da zai isa a nuna wa ofishin biza, sauran kuma a ce idan ya isa zai kama aiki ya biya. Wannan magana ta ƙarshe ita ce take jefa 'ya'yan mutane cikin wahala, kuma ra'ayina a kanta ba shi da kwana-kwana: duk wanda ba shi da cikakken kuɗin makaranta da na zaman wata goma sha biyu, a ajiye a fam ko dala, ko kuma tallafin karatu da ya ɗauki nauyin komai, to ya dakata, ko ya zaɓi wani gari mai sauƙi. Ba ƙin karatun waje nake yi ba. Lissafi ne ya nuna haka, kuma lissafin ba ɓoyayye ba ne.

Mu fara da abin da gwamnatin Birtaniya da kanta take nema. Kafin a nemi bizar ɗalibi sai jami'a ta ba da lambar CAS, wato shaidar cewa ta ɗauke ka kuma ta tsaya maka, kuma jami'o'i da yawa ba sa bayarwa sai an biya kafin alƙalami, wasu fam dubu kaɗan, wasu rabin kuɗin makarantar. Daga nan sai ka nuna kana da ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, da kuɗin zama na wata tara. Daga Nuwamban 2025 kuɗin zama a Landan fam 1,529 ne a wata, wato fam 13,761. A wajen Landan fam 1,171 ne a wata, wato fam 10,539. Kuɗin bizar kanta fam 524 ne a 2025. Akwai kuma harajin lafiya na fam 776 a shekara, kuma da yake bizar mastas (digiri na biyu) ta shekara ɗaya takan kai wata goma sha shida, ana cajin shekara da rabi, fam 1,164, a biya shi gaba ɗaya kafin a duba takardun mutum. Waɗannan alƙaluma suna ƙaruwa kusan duk shekara, don haka a duba shafin gwamnatin a makon da za a cika fom.

Yanzu a ɗauki jami'a mai matsakaicin kuɗi, a ce fam 18,000. Manyan jami'o'in Landan irin su UCL da Imperial da LSE da King's, kwasa-kwasansu da yawa sun haura fam 30,000. Idan aka haɗa 18,000 da kuɗin zama da biza da harajin lafiya, an kai fam 33,449. Amma ga wurin da mutane suke tuntuɓe: gwamnati wata tara take tambaya, alhali mastas wata goma sha biyu ne, kuma mai gida ba ya yafe hayar wata ukun da ɗalibi yake rubuta kundin bincikensa. A ƙara wata uku, jimilla ta haura fam 38,000, ba a sa kuɗin jirgi da kayan sanyi da kwamfuta ba. Idan aka ƙaddara fam ɗaya naira 2,000 ne, ana maganar sama da naira miliyan 76. Uban da ya ji wannan adadi ya ga zai iya, Allah ya sa albarka. Wanda ya ji gabansa ya faɗi, gara ya faɗi yanzu yana Kano da ya faɗi a watan Janairu ɗansa yana can.

Nuna kuɗin ma yana da ƙa'idoji da suke kayar da mutanen da suke da kuɗin da gaske. Dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun yi ƙasa da adadin da ake nema ba ko da na yini ɗaya, kuma ranar ƙarshe da ke jikin takardar banki kada ta wuce kwana 31 kafin ranar neman biza. Idan kuɗin a naira suke, da farashin canji na ranar da aka aika fom za a lissafa, saboda haka wanda ya ajiye daidai wa daida, naira ta ɗan zame a cikin makonnin nan huɗu, ya faɗi. A ɗora kashi goma cikin ɗari a kai don kariya. Sannan asusun dole ya zama na ɗalibin ne ko na mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko wanda kotu ta ba riƙonsa, tare da takardar haihuwa da wasiƙar amincewa. Asusun kawu ko baffa ko yaya ba ya shiga, komai yawan abin da ke ciki, duk da cewa a gidajenmu sau da yawa su ne suke ɗaukar nauyin karatun. Idan baffa ne zai biya, ya tura kuɗin asusun ɗalibin da wuri, a fara ƙirgen kwana 28 daga ranar da suka shiga. Sai gwajin tarin fuka, wanda ba a karɓarsa sai daga asibitocin da aka amince da su, kamar na IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja da Legas, kuma takardarsa wata shida take yi.

Akwai ejan-ejan da suke ba da hayar kuɗi, su zuba su a asusunka na kwana 28, ka biya su ladansu, su kwashe abinsu. Wannan ba dabara ba ce, haƙa wa kai rami ne. Na farko, ɗalibin zai sauka a filin jirgin sama na Heathrow aljihu wayam. Na biyu, idan aka gano takarda ta bogi ce ko an yi yaudara, ana iya hana mutum shiga ƙasar har shekara goma. Kuma a sani cewa galibin ejan jami'o'i ne suke biyansu kamasho a kan kowane ɗalibin da suka kawo, don haka idan ejan ya dage a kan wata jami'a guda, a tambaye shi dalili, a kuma shiga shafin jami'ar da kai a karanta sharuɗɗan biyan kuɗi da na mayar da kafin alƙalami idan an hana biza.

To, batun aiki fa, wanda kowa yake jingina da shi? Bizar ɗalibin digiri ta yarda da awa 20 a mako lokacin karatu. Makon daga Litinin zuwa Lahadi ake ƙirga shi, kuma ba a rama na wancan mako a wannan: awa 10 a makon jiya ba ta ba ka damar yin 30 a na yau ba. Mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama ya zama fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Awa 20 sau 12.21 fam 244 ne a mako, kusan fam 1,058 a wata, idan har an sami aikin tun makon farko kuma ana ba da awannin a cike, abin da ba kasafai yake faruwa ba, domin a Satumba dubban ɗalibai ne suke bin shaguna da gidajen abinci da ɗakunan ajiyar kaya iri ɗaya. Ɗaki guda a gidan da ake haɗa kicin da banɗaki yana cin fam 800 zuwa 1,000 a wata a yawancin unguwannin Landan. Ke nan albashin ɗalibi, a mafi kyawun hali, haya zai biya da ɗan cefane. Ko fam 1,529 da gwamnati ta sa a matsayin mafi ƙarancin abin zama ya fi ƙarfin abin da awa 20 za ta kawo. Ina kuma fam dubu tara ko goma na ragowar kuɗin makaranta zai fito?

Daga nan ne ake fara karya doka. Wani ya ƙara awanni a ɓoye a karɓi kuɗi a hannu, wani ya hau keke yana kai abinci da asusun wani. Bizar ɗalibi ta haramta aikin kai da kai, kuma masu kai abinci na manhajoji irin su Deliveroo da Uber Eats a matsayin masu zaman kansu ake lissafa su, saboda haka wannan aikin ba ya halatta ga ɗalibi ko da awa biyu ce. Haka kasuwanci da sunanka. Mutane da yawa kuma suna zaton bazara hutu ce, za su yi aiki cikakke su cike giɓi. Ga ɗalibin mastas, jami'o'i da yawa suna ɗaukar watannin rubuta kundi a matsayin lokacin karatu, awa 20 ɗin tana nan. A tambayi ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje a rubuce, kada a dogara da abin da aka ji a rukunin WhatsApp.

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne barin kuɗi a naira da niyyar a riƙa canzawa ana aikawa zango-zango. A farkon 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, zuwa Fabrairun 2024 fam ya haura naira 1,900. Iyayen da suka ajiye abin da zai biya shekara sai suka ga ko zango ɗaya ba zai biya ba. A Mayun 2024 labarin jami'ar Teesside da ke Middlesbrough ya fito: ɗalibai 'yan Nijeriya da dama sun kasa biya a kan lokaci, aka rufe musu hanyar shiga karatu, aka kai rahoton wasunsu ma'aikatar cikin gida, aka ce su bar ƙasar. Wannan a garin da rayuwa ta fi Landan sauƙi nesa ba kusa ba. Tsarin kuwa ɗaya ne a ko'ina: jami'a ita ce ta tsaya maka, idan ta janye, doka ta tilasta mata ta sanar da hukuma, hukuma kuma takan rage bizar zuwa kwana 60. Shi ya sa na ce a fam ko dala. Wanda yake da kuɗin, ya biya jami'a gaba ɗaya tun kafin tafiya (wasu ma suna yin ɗan rangwame ga mai biya da wuri), kuɗin zama kuma ya canza su ya ajiye a asusun kuɗin waje.

Wannan magana ta fi shafar gwamnatocin jihohi da hukumomin da suke tura ɗalibai. Abin takaici ne a yi bikin raba takardun tallafi a gidan gwamnati, a ɗauki hotuna, bayan wata shida yaran suna rubuta wasiƙun roƙo a biya musu kuɗin zango na biyu. Duk hukumar da za ta tura ɗalibi ta biya kuɗin kwas ɗin duka kafin ya hau jirgi, ta kuma ware alawus ɗinsa a kuɗin waje. Idan kasafin na mutum ɗari ne a takarda amma na arba'in ne a zahiri, a tura arba'in. Yaron da aka kora a tsakiyar karatu ya yi asarar shekara, ya ɗauki tabo a tarihin bizarsa, kuma ba laifinsa ba ne.

Gida shi ne jarrabawar farko bayan sauka. Ɗakunan jami'a sun fi aminci ga sabon zuwa, domin kuɗin wuta da ɗumama ɗaki da intanet suna cikin haya, amma suna cika da wuri, sai a nema da zarar an sami gurbi. A gidajen 'yan kasuwa, mai gida yakan nemi garanto mazaunin Birtaniya mai albashi, abin da yawancin ɗalibanmu ba su da shi, sai a koma ga kamfanonin da suke tsaya wa mutum a biya su. Doka ta taƙaita kuɗin ajiya na haya zuwa hayar mako biyar, na riƙe ɗaki kafin sa hannu kuma hayar mako ɗaya, kuma dole mai gida ya sa kuɗin ajiyar a ɗaya daga cikin asusun kariya da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Ranar shiga, a ɗauki hoton kowane lungu: tabon kafet, baƙin danshi a kusurwar taga, tsagewar katifa, lambar mitar wuta da ta gas. Da waɗannan hotuna ake ƙwato kuɗin ajiya ranar fita. Kada kuma a tura wa kowa kuɗin ɗaki daga Nijeriya a kan hoton da aka gani a Facebook. Gara a kama masauki na mako biyu, a je a ga ɗakin da ido. Ɗalibi na cikakken lokaci ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma na gida, amma sai ya karɓi wasiƙa daga jami'a ya miƙa, in ba haka ba takardar biya za ta zo.

Arhar ɗaki a nesa tana da nata kuɗin. An raba Landan shiyya-shiyya, kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa yana ƙaruwa da yawan shiyyoyin da aka ratsa da kuma lokacin cunkoso, ta yadda abin da aka rage a haya a shiyya ta biyar zai iya tafiya a sufuri, ga awa biyu ko uku a hanya kullum. Bas ta fi sauƙi: fam 1.75 a 2025, kuma duk bas ɗin da ka sake shiga cikin awa ɗaya kyauta ce, sai dai ba a karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Katin sufuri na Oyster na ɗalibai yana rage kashi 30 cikin ɗari a tikitin mako ko na wata.

Sanyi da duhu ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya tashi a Sakkwato ko Maiduguri. A Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe takwas, ta faɗi kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk su shigo cikin kusan awa huɗu, a tsakiyar lacca. Ɗalibin da yake aikin dare a ɗakin ajiyar kaya, ya dawo da asuba ya kwanta, zai iya yin kwanaki bai ga rana ba, kuma daga nan kasala da ƙuncin zuciya suke farawa. Hukumar lafiya ta NHS tana ba masu baƙar fata shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 kullum, duk shekara. A yi rajista da likitan unguwa a makon farko tun ana lafiya, tunda an riga an biya harajin lafiya.

Karatun kansa shi ne abin da aka je yi, kuma shi ne yake fara lalacewa idan kuɗi suka yi ƙaranci. Mastas na Birtaniya gajere ne mai zafi: zango biyu na darasi, sai kundi, makin cin jarrabawa 50, babban sakamako daga 70. Lacca kaɗan ce, karatun kai ne mai yawa, kuma yawancin maki daga rubutu suke fitowa, wanda ake tacewa da manhajar gano kwafe irin Turnitin. Kwafo sakin layi ba tare da faɗin inda aka samo shi ba, ko sayen rubutu, ko miƙa abin da manhaja ta rubuta a inda aka hana, yana kai mutum gaban kwamiti. Ana kuma lissafa halartar aji, saboda jami'a tana da alhakin kai rahoton wanda ya daina zuwa. Ga wani tarko da ba a cika faɗa ba: idan ka faɗi darasi ɗaya, maimaitawar na iya jan fitar sakamakonka har bayan bizarka ta ƙare, kuma bizar zama bayan kammalawa ba a neman ta sai kana cikin ƙasar da bizar ɗalibi mai rai, jami'a kuma ta riga ta sanar cewa ka gama. Wanda ake bin sa bashin kuɗin makaranta ma jami'a tana iya riƙe shaidarsa. Ka ga yadda awannin da aka ƙara a wurin aiki don a biya makaranta suke iya cinye digirin da abin da ake fata bayansa.

Ita ma wannan bizar bayan kammalawa, wadda aka buɗe a Yulin 2021, ba kamar yadda ejan suke tallata ta take ba. Shekara biyu ce (uku ga masu digirin digirgir), kuma gwamnati ta sanar za ta koma wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027. Kuɗinta fam 880 a 2025, ga harajin lafiya fam 1,035 a kowace shekara, kusan fam 3,000 ke nan a lokacin da aljihu ya bushe. Wucewa daga nan zuwa bizar ƙwararrun ma'aikata sai an sami kamfani mai lasisi da zai tsaya maka, kuma tun Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin da ake nema gaba ɗaya fam 41,700 ne a shekara, da ɗan sassauci ga sababbin kammalawa. Tun Janairun 2024 kuma ɗalibin mastas na darasi ba ya zuwa da mata ko miji ko 'ya'ya, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Magidanci ya sa wannan a lissafi: gida biyu zai riƙe.

Za a ce to ai wasu sun tafi da rabin kuɗi kuma sun yi nasara. Gaskiya ne, akwai su. Amma su muke gani a hoton bikin yaye ɗalibai, waɗanda suka dawo babu shaida ba sa sanarwa, iyayensu ma rufa asiri suke yi. Za a kuma ce wannan ra'ayi ya rufe ƙofa ga ɗan talaka. Ƙofar ɗan talaka tallafi ce, kuma tun asali haka take: Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1945 da Malam Aminu Kano a 1946 da tallafi suka je Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Yau akwai Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya, wanda yake biyan mastas na shekara ɗaya da alawus da jirgi, yana neman gogewar aiki ta shekara biyu da alƙawarin komawa gida na shekara biyu, ana buɗe shi wajen Agusta. Akwai tallafin Commonwealth, akwai na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Nijeriya, ga fannonin da suka shafi man fetur da makamashi. Gasar tana da zafi, kuma ana cin ta ne da shiri na shekara guda: rubutun neman da aka gyara sau da yawa, wasiƙun shaida daga malaman da suka san ka da gaske, da gurbin jami'a a hannu.

Landan tana da abin da ya cancanci kuɗinta ga wanda ya dace. Ga Laburaren Birtaniya, ga jami'ar SOAS ga mai nazarin Afirka da harsunanta, ga manyan asibitocin koyarwa da cibiyar hada-hadar kuɗi ga masu waɗannan fannoni. Musulmi ba ya rasa naman halal ko sahun Juma'a, daga masallacin Whitechapel zuwa na Regent's Park, kuma a Peckham ana samun kayan miyar gida. Amma idan kwas ɗin da kake so ana yin irinsa a Sheffield ko Leeds ko Glasgow ko Newcastle, bambancin abin da za ka nuna wa ofishin biza kaɗai fam 3,222 ne, na haya a shekara kuma yakan fi haka. Tambayar da ya kamata uba ya yi wa ɗansa kafin a biya kafin alƙalami ita ce: wane malami, wane ɗakin gwaji, wace ma'aikata ce a Landan da babu irinta a waɗannan garuruwa? Idan akwai amsa takamaimai kuma kuɗin wata goma sha biyu suna ajiye, a tafi. Idan babu, jami'o'i da yawa suna yarda a ɗage gurbi zuwa shekara mai zuwa idan aka rubuta musu kafin su fitar da CAS, kuma a cikin wannan shekarar ana iya cike kuɗin, a nemi Chevening a Agusta, a kuma nemi ɗakin jami'a tun ranar da aka buɗe.